Wasiƙa ga Sulaiman a Kan Laujen Rabe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Sulaiman, wanda nake kira Babana saboda sunan mahaifina ne a kansa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka Dutsi lafiya, kai da iyalinka da kayanku. Allah ya tsare ku a hanya da masauki, ya kare ku daga sharrin mutum da na ƙarfe, ya sa ka shiga ofishin nan da ƙafar dama. Amin.

Kafin in shiga magana, bari in tuna maka wanda yake rubuto maka, don kada ka ɗauka surutun tsoho ne. Ni Isiyaku na fara walda a ƙarƙashin bishiyar bedi a bakin hanyar Kongolam, da mataccen inji da na tsinto a wurin 'yan gwangwan na tayar da shi da hannuna. Ban gaji shago ba, ban gaji gona ba, babu wani mai kuɗi da ya taɓa dafa mini kafaɗa. Yau shagona ƙofa huɗu ne da janareta nasa. Na gina gidan da aka haife ka a ciki, na ɗora bene a kansa. Na je Makka sau biyu, na biyun da kakarka a gefena. Daga unguwar Kusugu har Kongolam, har ma tsallaken iyaka, ka duba get ɗin da bai lanƙwashe ba, ka tambaya wa ya yi shi. Ku bakwai na sa a makaranta, babu wanda aka taɓa korowa don kuɗin makaranta. Duk wannan da karatun fom uku, wanda ko shi ban ƙarasa ba. Bayan Allah, babu wanda zan ce ya ɗaga ni.

Yanzu ga shi ɗan mai walda ya zama mataimakin shugaban makarantar sakandare. Babana, tun ranar da takardarka ta fito ban bar kowa ya huta ba. Na faɗa a masallaci, na faɗa a majalisa, na faɗa wa wani mutumin Zangon Daura da ya zo gyaran baro kawai, bai ma san ka ba. Innarka ta ce, "Alhaji, ka sassauta mana, ai ba gwamna aka naɗa shi ba." Na ce mata, "Gwamna ai shekara huɗu yake yi ya sauka, nawa kuwa sai fansho." Ta yi dariya har ta ƙware da kunu. Ita ma fa daɗin take ji, tana dai ɓoyewa ne. Na ji ta tana gaya wa mai tallan manja.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da ka yi mana a zaure ranar Asabar bayan la'asar, da ka dawo daga karɓar aiki ka zo kwashe kaya. Ka ce fayil na farko da aka ajiye maka a tebur na wani yaro ne mai suna Rabe, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, daga wani ƙauye a bayan Dutsi. An yi binciken jaka a bakin get, aka sami lauje a jakarsa naɗe cikin buhu. Dokar tsaron makaranta da kuke aiki da ita ta ce duk ɗalibin da aka kama da makami a dakatar da shi nan take, kwamitin ladabtarwa ya zauna, in laifi ya tabbata a kore shi. An dakatar da shi mako biyu, ranar Alhamis mai zuwa kwamitin zai zauna, kuma kai ne za ka shugabance shi. Ka ce ko da an yi masa sassauci ba zai koma aji ba sai wani babba ya sa hannu ya tsaya masa. Ubansa yana kudu yana aikin gadi, ya daɗe bai zo ba. Kawunsa kuwa da ya ga takarda da hatimi sai ya ce shi bai san zancen ba, yana tsoron ta 'yan sanda ce. Bana kuma shekarar jarrabawar yaron ce. Ka faɗi wannan kana ɓarar gyaɗa, ka wuce zuwa zancen motar da za ta ɗauki katifu. Kai ka wuce, ni ban wuce ba.

Ba zan koya maka aikinka ba, kai ne mai digiri. Amma na yi kurakurai a kan irin wannan harka, wasu ka sani, wasu ba ka sani ba, kuma gara in ba ka su kyauta da ka je ka saye su da kanka.

Ka sha ji a bakin mutane cewa an kore ni daga makaranta, amma ban taɓa gaya muku yadda aka yi ba. Kullum sai in ce muku ni na ga karatun ba zai kai ni ba. Ba haka ba ne. Makarantar kwana ce, lokacin ko katanga babu, shingen waya ne. Wata Lahadi na ɗaga wayar na fice na tafi kasuwar Mai'aduwa, na yini ina riƙe wa fatake igiyar raguna. Takalmi nake nema. Nawa ya tsinke har na ɗaure shi da waya, yara suna kirana mai takalmin rediyo. Aka yi kiran suna ba na nan. Ranar Litinin a asambuli firinsifal ya kira ni gaban duk makaranta.

Ya ce, "Isiyaku, me ya fitar da kai?"

Na ce, "Ba komai, sa."

"Ba komai ne ya kai ka har Mai'aduwa?"

"Ba komai, sa."

Sau uku yana tambaya. Na dubi yaran nan da suke jira su ji, na ce a raina wallahi gara a kore ni da in ce takalmi a gabansu. Ya ce, "To, tattara kayanka ka je ka ci gaba da ba komai a gidanku." Shi ke nan karatuna.

Bayan shekaru masu yawa, ya yi ritaya ya tsufa, ya aiko a yi masa get a gidansa. Na je da kaina na kafa. Muna zaune yana ba ni ruwa sai na ba shi labarin. Ya riƙe baki ya ce, "Kai Isiyaku, don takalmi? Ai da ka faɗa da na cire nawa na ba ka." Na ce, "Ranka ya daɗe, naka ai jirgin ruwa ne a ƙafata a lokacin." Muka yi ta dariya, amma da na hau babur zan tafi sai na ga yana goge ido da bakin rawani. Allah ya jiƙansa, ba mugu ba ne. Laifin nawa ne da na zaɓi girman kai. Nasa kuskuren ɗaya ne, ya tambaye ni a inda ba zan iya amsawa ba.

Saboda haka, kafin Alhamis ka nemi Rabe ka zauna da shi kai da shi, ko da malami ɗaya da yaron ya saba da shi. Kada ka fara jin bakinsa a gaban kwamiti, mutum shida sun zuba masa ido. In ya ce maka ba komai, kada ka rubuta cewa ya yi taurin kai. Ka ba shi kujera, ka tambaye shi awaki nawa ne a gidansu, wa yake ba su ci. Yaron ƙauye zai iya haɗiye kora ya tafi, bai ce maka uwarsa ba ta da mai yanko mata ciyawa ba.

Na biyu kuwa ka san wani ɓangarensa, don kana makarantar lokacin. Shekarun da tsoron masu satar mutane ya shigo, aka ce kowace makaranta ta yi katanga da get da maigadi, a riƙa rubuta mai shiga da mai fita. Lokacin ni ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai a makarantarku ta jeka-ka-dawo. Na ƙera musu get da babu irinsa a garin nan, ƙarfe mai kauri, fenti kore, sakata uku. Ka san halin ubanka, in ya yi abu yana so a ga aikinsa. Na tashi a taro na ce ƙarfe takwas daidai a rufe, wanda ya makara a mayar da shi gida, wanda ya makara sau uku a dakatar da shi mako guda. Aka tafa mini. Wani malamin lissafi ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, waɗanda suke tahowa daga ƙauyuka a ƙasa fa?" Na ce masa su fito da wuri, ni da nake yaro asuba nake fita. Ya sauke hannunsa.

Wata biyu ina yawo ina cewa na gyara makaranta. Rannan da hantsi na tsaya wurin Ɗanlami mai shayi a bakin tasha, sai na ga benci cike da yara masu yunifom ɗinku, wasu na kallon masu karta, wasu na taya kwandasta kiran fasinja. Ɗanlami ya miƙo mini kofi ya ce, "Alhaji, yau shayinka kyauta ne."

Na ce, "Albarkacin me?"

Ya ce, "Albarkacin get ɗinka mana. Tun da ka kafa shi ban rasa kwastoman safe ba. Allah ya ƙara maka basira, ka mayar da shi bakwai da rabi."

Duk teburin aka fashe da dariya, har da yaran. Na tambayi ɗaya daga ciki me ya hana shi komawa gida. Ya ce in ya koma babansa zai dake shi, gara ya zauna nan sai an tashi ya bi ayari. Ka ji fa. Na yi get don kada a sace yara, sai ga shi ni ne nake miƙa su tasha da hannuna kowace safiya, inda duk wanda ya ga dama zai iya cewa zo in aike ka. Shayin nan bai shiga ba. A taro na gaba na janye maganata. Ban ce na yi kuskure ba, na ce an samu sabon bayani. Aka koma barin su shiga, su yi shara ko su ɗebi ruwa, a rubuta sunansu, a kira iyayen wanda ya maimaita.

Abin da na koya a teburin Ɗanlami shi ne, duk yaron da ka fitar daga makaranta akwai inda zai tafi. Takardar doka ba ta rubuta wannan, ita iyakarta bakin get. Kafin ka sa hannu a dakatarwa ko kora, ka tambayi kanka ƙarfe goma na safiyar gobe ina yaron nan zai kasance, kuma da wa. In amsar ta fi makarantar haɗari, ka sake tunani. Kuma in malami ƙarami ya ɗaga hannu a taro, ka bar shi ya gama. Malamin lissafin nan har yau in mun haɗu a wurin ɗaurin aure sai ya ce, "Alhaji, ƙarfe nawa?" Ni kuma in ce masa ya sayi agogo.

Kada ka ji wannan ka ɗauka ina cewa dokar banza ce. Wanda ya ce maka haka bai taɓa ganin jinin ɗan wani a farar riga ba. Ni na gani, kuma da hannuna a ciki.

Akwai abokina da muka tashi tare, mai sayar da shinkafa, ba zan rubuta sunansa ba don yana raye kuma muna gaisawa. Aka kama ɗansa da wuƙa a cikin safa, ba ta yankan lemo ba, irin wadda ake wasa baki biyu. Shugaban makaranta ya ce kora. Abokina ya zo shagona da kansa, ya zauna a kan bencin da ƙurar ƙarfe ta ɓata, da shaddarsa, ya ce, "Isiyaku, kai ne shugaban iyaye, in ka yi magana wa zai musa?" Ka ga inda ya kama ni. Bai ce yaron ba shi da laifi ba, cewa ya yi maganata tana da nauyi. Na sa babbar riga na tafi ofis. Na ce yaro ne, ƙuruciya ce, ni na tsaya masa. Ban tambayi yaron me zai yi da wuƙar ba, ban tambayi wa suke rigima da shi ba, ko ganinsa ban yi ba. Shugaban makarantar ya ji nauyina ya mayar da abin dakatarwar kwana uku. Kafin zangon ya ƙare yaron ya yanki wani ɗalibi a dantse a bayan ajujuwa. Allah ya taƙaita, ɗinki aka yi, hannun bai mutu ba. Na je asibiti dubiya, uwar wanda aka yanka ta dube ni ta ce, "Alhaji, an ce kai ka tsaya masa. To ga shi nan, ka gani." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

To ka shirya, irina za su zo maka. Za su zo da babbar riga da turare, wasu da waya daga sama, wasu da buhun gero a bayan mota. Ka ba su ruwa, ka girmama su, ka raka su har bakin mota, amma kada ka taɓa fayil saboda su. Ɗan mai shinkafa da ɗan mai gadi awo ɗaya. In dai wuƙar faɗa ce, ka bi doka har ƙarshenta ko da ɗan wanda ya sama maka aikin ne, ko da jikana ne. Yaran da suke zaune a aji suna kwafar darasi su ma amana ce, iyayensu ba su da bakin zuwa ofis, kai ne bakinsu.

Sai na ƙarshe, wanda na fi daɗewa ina zagayawa. Innarka ta leƙo ɗazu ta ce, "Wai wasiƙa kake rubutawa ko littafi?" Na ce ta bar ni, na zo wurin da hanya ta yi tudu.

Kana aji ɗaya na babbar sakandare. Wata safiya na ba ka sababbin bakin zarton yankan ƙarfe guda biyu, na ce in an tashi ka biya ka kai shago, don ni zan wuce Kongolam auna wata ƙofa. Ka sa a jaka. Ranar kuwa aka yi binciken ba-zata, dokar da ni na fi kowa ɗaga murya a kanta, don yara sun fara wasa irin bakin zarton nan suna mayar da shi wuƙa. Aka same su a jakarka. Aka kira kwamiti, ni ina ciki a matsayin shugaban iyaye. Shugaban makaranta ya ce, "Sulaiman, me kake yi da wannan?" Ka ɗago ka dube ni sau ɗaya, ka sunkuyar da kai. Kana jira in yi magana.

Ban yi ba, Babana. Na ji kunyar a ce mai dokar shi ya fara taka ta. Na gyara zama na ce, "A yi masa abin da za a yi wa kowa, ɗana bai fi ɗan kowa ba." Aka yaba mini, wani malami har ya ce da duk iyaye haka suke da an huta. Aka ba ka mako guda, aka rubuta a fayil ɗinka. Ka yi makon nan a gida kana karatu a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, kana gaishe ni safe da yamma kamar babu abin da ya faru. Ba ka gaya wa Innarka ba. Na san ba ka gaya mata ba, don da ta sani da har yau ban gama jin bayani ba. Na saya maka keke a ƙarshen zangon na ce don ka yi na uku ne. Kai ka san na mene ne, ni ma na sani.

Yau na faɗa da bakina, kuma na rubuta da hannuna: ni na ba ka zarton nan, laifina ka ɗauka. Ka yafe mini. Na karanta wa Innarka wannan wurin kafin in ci gaba. Ta ce, "Ashe keken nan tara ce ka biya." Ta ce in gaya maka ta fi ni laifi da ba ta matsa maka da tambaya ba, ni kuma ta ce za mu yi magana in na gama. Ka yi mini addu'a.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, sau da yawa abin da ke jakar yaro babba ne ya sa shi. Uwa ta ce in an tashi ka biya fadama ka yanko wa awaki ciyawa, don in ka dawo gida ka koma rana ta faɗi. Yaro ba zai ce a'a ba, kuma ba zai tsaya a gaban malamai ya ce Innata ce ba. Mu mutanen nan haka aka raine mu, ɗa yana rufa wa iyaye asiri ko da shi zai sha. Wanda ya zauna a birni ya rubuta kalmar makami, wuƙa da gora yake gani a idonsa, kuma yana da gaskiya. Bai san cewa ƙarshen damina rabin yaran ƙauye da lauje suke yawo ba, kamar yadda ɗan birni yake yawo da biro.

Ka sa a kawo maka laujen ka riƙe a hannunka. Ni ƙarfe ne sana'ata, ka ji daga gare ni. Laujen aiki bakinsa yana da koren ciyawa da ya bushe, ƙotarsa ta yi santsi da gumi, kuma ba ya tafiya shi kaɗai, akwai buhu, akwai igiya. Wanda aka tanada don mutum ana goge shi fes, ana ɓoye shi a jiki inda hannu zai kai da sauri, ba a naɗe shi a ƙasan littattafai. Ka tambayi malamin ajinsu ko Rabe yana da abokin faɗa. Ka tambayi maigadi, su ne suka san kowa, kuma ba a cika tambayarsu ba. Ka aika a ga awakin da ido. In uwar ba za ta iya zuwa ofis ba, ka tura malama mace ta je ta ji daga bakinta.

Ban ce ka sake shi ba, ka lura. Yanzun nan na gama gaya maka kada ka saurari masu babbar riga, ba zan sa tawa in zo maka ta bayan gida ba. Yaron nan ban san shi ba, ban san ubansa ba, ban taɓa taka ƙauyensu ba. In bincike ya nuna da wani yake nufi, ku yi abin da doka ta ce, ba za ka ji bakina ba. Kuma ko ciyawar ce, ya shigo da ƙarfe mai kaifi inda aka hana, mako biyun da ya yi a gida bai zama zalunci ba, ya ji a jikinsa, sauran ma su gani. Amma kora wani abu ne daban. Ni na san ta. Mutane suna ganin shagona suna cewa kora ta yi wa Isiyaku rana. Mu huɗu aka kora a shekarar nan, ni kaɗai ake ba da labarina, sauran ukun kada ka tambaya. Ni ɗin ma har yau in an kawo takardar kwangila da Turanci sai na kira ɗayanku ya karanta mini, ina yi kamar gilashina ne ya ɓata.

Kuma kada ka tsaya a kan Rabe shi kaɗai, don na rantse maka ba shi kaɗai ne mai lauje ba, shi ne dai wanda bai iya ɓoyewa ba. Sauran a cikin gonar da ke bayan katanga suke turawa. Na riga na yanka ƙarfe, zan haɗa muku akwati mai kwaɗo da za a kafe a ɗakin maigadi, ta waje. Mai lauje ya miƙa da safe a rubuta sunansa, in an tashi ya karɓa ya wuce fadama. Babu ƙarfen da ya shiga makaranta, babu akuyar da ta kwana da yunwa, doka ta samu abin da take so. Ka kai wa shugabanka shawarar da ladabi, ka bar shi ya ɗauka kamar tasa ce, sabon zuwa ba ya nuna ya fi kowa. In ya amince ka yi mini waya in sa a mota. Kyauta ne, kuma ba zai lanƙwashe ba.

Sauran ƙananan abubuwa ka san su. Ka je ka gai da mai gari da liman a makon farko. Kada ka daki ɗan kowa da fushi. Abin da kuka yanke ka rubuta shi da dalilinsa a ranar, don wanda zai zo bayanka ya ga yaro, ba laifi kaɗai ba. Ka riƙa cin abinci kafin zaman kwamiti, na lura duk hukuncin da na tsananta a rayuwata da yunwa na yanke shi.

Innarka tana gaishe ka da matarka, ta ce a shafa mata kan yara, yajin da ta ɗaura yana cikin shuɗin bokitin nan. Ƙannenka suna gaisuwa. Allah ya tsare ka da tsarewarsa, ya tsare yaran da aka damƙa maka, na cikin aji da na bakin get. Allah ya sa ka gama aikin nan babu hakkin ɗan kowa a wuyanka, ya dawo mana da ku lafiya duk lokacin da kuka taso. Amin summa amin.

Saura magana ɗaya. In kwamiti ya zauna ya ga ciyawa ce, abin da ya rage kawai babban da zai tsaya wa Rabe, kada ka bari a ce an rasa. Wancan karon na tsaya wa yaro ban gan shi ba, wannan karon zan zo da wuri ranar Alhamis in gan shi, in ji daga bakinsa, in ga laujen da idona, sannan in zauna a benci a waje har ku gama, ba zan shiga muku ba. In kun kira, ga ni. Ka gaya wa shugabanka tun yanzu cewa ubanka ne, kada a ce an yi a ɓoye, in ya ga bai dace kai ka karɓi sa hannuna ba, shi ya karɓa. Hatimi ba ya ba ni tsoro. A layin da aka bari na mai tsayawa a rubuta sunana cikakke, da manyan baƙaƙe, kada akawu ya gajarta mini shi ko ya manta da Alhajin. A rubuta a takardar, a rubuta a babban littafin makaranta inda ba a yagewa:

ALHAJI ISIYAKU MAI WALDA, DAURA.

Ni ne mahaifinka.